Ranar da Dattawa Suka Je Ban Haƙuri

Ya sani, ko bai sani ba? Mutumin da ya yi shekaru yana kwana a falonmu, wanda mijina ya tsaya masa a matsayin uba ranar ɗaurin aurensa, lokacin da ya kwashi dattawa ya kai su ofishin Bature su ba da haƙuri, ya san aikin mijina yake kashewa? Ko shi ma da zuciya ɗaya ya yi? Na tsufa da tambayar nan. Wata rana in tashi da safe in ce wallahi ya sani, kafin la'asar kuma in ce astagfirullah, kada in ɗauki alhakin bawan Allah.

Ni ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. 'Yata ce take rubuta wannan, ni ina faɗa. In na yi shiru sai ta ajiye biro ta jira, don ta san kuka ne ya zo mini.

Mijina koci ne, mai koya wa samari ƙwallon ƙafa. Tun yana saurayi a Jos yake bugawa, har gwiwarsa ta lalace. Ya zo Landan karatun motsa jiki, ya samu aiki a wata kwaleji a kudancin kogin da ya ratsa birnin, sannan ya aiko aka kawo ni. Muka zauna a Catford, a wani gidan haya na hukuma mai ɗakuna biyu. Kowa Koci yake ce masa, har limamin da ya raɗa wa 'ya'yanmu suna.

Ban taɓa zuwa filin na tsaya kallo ba, amma babu wanda ya kai ni sanin ƙungiyar nan, domin ni ke wanke rigunansu. Duk Asabar da yamma zai shigo da wata katuwar jaka a kafaɗa, ya jefar a bakin banɗaki, ya ce, "Hajiya, ga 'ya'yanki sun dawo." In zazzage su a baho, ruwa ya koma kamar kunun taɓo. Daga rigunan nake gane yadda wasa ya kasance. In rigar mai tsaron gida ta dawo fes, na san sun ci. In ta dawo ba a gane launinta, sai in zuba masa tuwo in yi shiru da bakina. Lokacin sanyi babu inda za a shanya, sai a kan hitar ɗumama ɗaki da bayan kujeru, gidan duk ya ɗauki warin sabulu da ciyawa. Yara su yi ta mita da Turanci, shi kuwa yana dariya.

Idan sun ci babban wasa, gida yake kwaso su. Farare, baƙaƙe, 'yan Jamaika, 'yan Turkiyya, su cika falo har kan matakala. In dafa shinkafa da miyar gyaɗa a tukunyar suna. Akwai wani ja mai kunnuwa da yaji ke sa shi hawaye, amma kullum shi ke fara miƙo faranti a ƙara masa.

Dokarsa biyu ce, kuma kowa ya san su. Wanda ya guje wa aji ba ya buga masa wasa. Wanda ya zagi babba, ko mai shara ne, ba ya sa rigarsa.

To, shi wannan mutumin da nake faɗa, ɗan garinsu ne. Ya zo karatu, masaukinsa ya watse, mijina ya kawo shi gida ya ce ga ƙanensa. Yaya yake ce mini, mijina ma Yaya yake ce masa. In na dawo kasuwa shi ke tarbar kaya tun daga tashar bas. Mijina ya riƙa zuwa da shi fili, ya koya masa aiki, ya tura shi ya yi kwas, ya yi ta bin ofis-ofis har aka ɗauke shi mataimakinsa. Turancinsa ya fi na mijina santsi. Ya san yadda ake dariya da Turawa, ya san lokacin da ake shiru.

Wajen ƙarshen shekarun tamanin aka kawo sabon shugaban sashen wasanni, wani Bature siriri mai gilashi. Shi kofin gasa yake so. Ya ce kwalejin da ba ta da kofi a kabad ba ta samun ɗalibai. Tun daga farko jininsu bai haɗu da mijina ba. Ya ce ba aikin koci ba ne ya bi yara aji. Ya ce a daina kwasar ɗalibai zuwa gidan malami cin abinci, ba tsari ba ne. Mijina ya dawo yana ba ni labari yana kwaikwayon tafiyarsa, muka yi dariya har na ƙware. Ban san abin ba na dariya ba ne.

Sai ƙananan abubuwa suka fara. A yi taro a kira mataimaki, shi sai ya ji daga baya. Makullin siton kayan wasa da yake rataye a wuyansa tare da usur, aka ce a yanka wani a ba mataimaki. Wata Asabar ya shigo hannu biyu, babu jaka. Na ce, "Ina 'ya'yan nawa?" Ya ce an ce daga yau kamfani zai riƙa wankewa. Na tsaya a bakin baho da na riga na tara ruwa, ban san abin da zan yi da hannuwana ba.

Na ce masa, "Malam, ƙanen nan naka fa, ya rage zuwa gidan nan."

Ya ce, "Mai iyali ne yanzu. Ke dai ba ki rabo da zargi."

A shekarar suka kai wasan kusa da na ƙarshe, abin da kwalejin ta daɗe ba ta gani ba. Suna da wani dogon yaro a gaba, shi ke ci musu yawancin ƙwallaye, kuma ya san da haka. Ana saura kwanaki kaɗan a yi wasan, a wurin atisaye, tsohon da ke kula da fili, wani dattijo ɗan Jamaika mai zuba farin layi, ya ce wa yaron ya daina taka layin da bai bushe ba. Yaron ya zage shi zagin da mijina ya ƙi maimaita mini, ya kuma tofa yawu a kan takalminsa. Mijina ya hura usur, ya kira shi, ya miƙa hannu ya ce ya cire rigar ya ba shi. Yaron ya cire ya jefar a ƙasa ya fita. A wurin akwai tsohon, akwai mataimakin mijina. Sauran yaran suna can ɗaya gefen suna gudu.

Baturen ya sauko da kansa ya ce a mayar da yaron. Mijina ya ce sai ya ba tsohon haƙuri. Yaron ya ƙi. Aka buga wasa babu shi, aka cinye su.

Ranar Litinin iyayen yaron suka kai ƙara, wai mijina ya shaƙe ɗansu ya jijjiga shi. Aka dakatar da mijina daga aiki, aka ce kwamiti zai zauna. Mutumin da 'ya'yan cikinsa ba su san marinsa ba!

Muna da maƙwabci a hawa na sama, Bakano ne mai aikin rediyo, ya daɗe a ƙasar. Ya sauko ya zauna da mijina. Ya ce, "Koci, ka ji ni da kyau. Kada ka ce uffan. Kada ka je wurin kowa, kada ka aiki kowa. Wakilin ƙungiyar malamai zai shiga da kai. Maganar yaro ce kawai, kai kuma kana da shaidu biyu. Ba su da abin da za su kama ka da shi." Mijina ya ce ya ji. Hankalinsa ya kwanta, har ya koma cin abinci sosai. Ya ce mini, "Ƙanena yana wurin, idonsa ya gani. Me zan ji wa tsoro?"

Juma'ar da ta biyo baya gwiwarsa ta tashi, bai iya hawa jirgin ƙasa zuwa masallacin Whitechapel ba, ya yi salla a gida. Abin da aka yi a can daga baya muka ji. Bayan an idar, mataimakin nasa ya tara dattawanmu a ƙofar masallaci ya ce Yayansa yana cikin matsala, kuma Bature ya fusata ƙwarai, in ba manya sun sa baki ba aiki zai tafi. Babbansu wani Alhaji ne mai kanti a Deptford, mutumin zangon Kumasi, wurinsa muke sayen doya da manja. Mutum ne mai son mijina kamar ransa. Duk rigimar da ta tashi a cikinmu, ta aure ko ta haya, shi ake kira. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne.

A wurinmu, in ƙaramin mutum ya saɓa da na sama da shi, ba a tsayawa bincike. Dattawa su je su durƙusa su ce yaronmu ya yi kuskure, laifinsa ne, a yi haƙuri. Ko shi ke da gaskiya haka ake cewa. Babban ya huce, ya ce don ku na bari, magana ta mutu. Kowa ya san ba shaida ake bayarwa ba, wuta ake kashewa. Da haka aka rene mu, ni ma da an tambaye ni a lokacin, da na ce Allah ya yi musu albarka.

Ranar Talata da la'asar aka buga ƙofa. Na buɗe, sai ga su su huɗu cikin manyan riguna, da kwat a sama saboda sanyi, turare ya cika matakala. Fuskokinsu fal da murna. Maƙwabcinmu yana ciki a lokacin, suna shan shayi da mijina.

Alhaji ya dube ni ya ce, "Uwargida, kai share hawaye, an gama!" Haka mutanen zango suke magana, mace ma kai suke ce mata, na saba.

Suka zauna, aka gaisa. Mijina ya ce, "Alhaji, lafiya kuwa, da manyan kaya haka? Ko suna aka yi ba a gaya mini ba?"

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Sunan me? Wurin Baturenka muka fito. Koci, kai ma ka cika taurin kai, mutumin nan mai kirki ne. Ya ba mu kujera, ya sa aka kawo mana shayi da biskit."

Mijina ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Wane Bature?"

"Shugabanku mana. Ƙanenka ya kai mu, shi ya yi mana tafinta. Muka ce masa Koci ɗanmu ne, ya yi kuskure, zuciya ce ta ɗebe shi. Muka ce laifinsa ne, mun yi masa faɗa, ba zai sake ba. Wannan malamin da muka je da shi ma har ƙasa ya durƙusa, ga shi nan, gwiwarsa ta ƙi tashi sai da aka kama shi."

Suka kwashe da dariya. Malam ɗin ya ce, "Ai tsufa ne, Alhaji, kai ma yana nan tafe."

Maƙwabcinmu bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, kun ce masa Koci ya taɓa yaron?"

"Ya tambaya ko mun yarda ya yi laifi, muka ce mun yarda. To da me za mu ce? Mu je gidan mutum neman alfarma mu yi masa gardama?"

"Shi kuma me ya ce?"

"Ya ji daɗi sosai. Ya kira wata mata, duk abin da muka faɗa tana rubutawa. Har sunayenmu ya tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ka ga girmamawa."

Maƙwabcin ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya sake faɗa. Ya dafe kai da hannu biyu.

Ni ina tsaye da tire a hannu. Ban gane ba tukuna, amma na dubi mijina. Tunda nake da shi ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kamar an watsa mata toka. Sai ya sauko daga kujera da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya durƙusa a gabansu ya ce, "Na gode. Allah ya saka da alheri. Allah ya bar zumunci." Alhaji ya dafa kansa ya sa masa albarka. Suka sha shayi suka tafi suna ta raha a matakala.

Da aka rufe ƙofa, maƙwabcin ya ce, "Koci, sun kashe ka. A nan ƙasar wanda ya ce na yi kuskure ya amsa laifi ke nan. Yanzu suna da manyan mutanenka huɗu da suka ce ka yi." A nan tiren ya faɗi daga hannuna.

Ya ce akwai hanya ɗaya. A gaban kwamiti mijina ya ce bai aike su ba, ba su san komai ba, ba su kasance a wurin ba, abin da suka faɗa ba gaskiya ba ne. In ta kama a kira su su janye maganarsu da bakinsu.

Mijina ya ce, "In kira Alhaji gaban Turawa ya ce ƙarya ya yi?"

"Ba ƙarya ba, kuskure."

"Mutumin da ya rufe kantinsa, ya sa rigarsa ta Idi, ya je ya sunkuya wa sa'an ɗansa saboda ni? Shi zan tsayar a yi masa tambayoyi kamar ɓarawo?"

Ni ma na sa baki. Na ce, "Malam, sunanka ne fa. Za a ce ka shaƙe ɗan mutane." Na yi kuka, na kama ƙafarsa. Ya ce, "Hajiya, tashi. Ƙanena zai faɗi abin da ya gani, ya isa."

Ranar zaman na goge masa farar riga, ya ɗaura lakataye. Da azahar ya dawo. Ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Na durƙusa ina kwance masa igiya, sai ya fara magana kamar labarin wani yake ba ni. Ya ce tsohon mai fili ya rantse ba a taɓa yaron ba, aka ce ai shi ne aka yi rigimar dominsa, ba za a dogara da shi ba. Aka karanta maganar dattawa. Aka tambaye shi ko yana cewa ƙarya suka yi, wakilin ƙungiyar malamai yana ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur. Ya ce su iyayensa ne, ba zai ƙaryata su ba, amma shi bai taɓa yaron ba. Turawan suka dubi juna.

Na ce, "Ƙanen naka fa?"

Sai da na cire masa takalmin. Sannan ya ce, "Ya ce a lokacin ya sunkuya yana tattara ƙwallaye. Bai ga komai ba."

Ihun da na yi, matar maƙwabcinmu sai da ta sauko da gudu babu ɗankwali.

Aka sallame shi. Kafin sabon zangon karatu aka ba mataimakin kujerarsa. Alhaji da ya gane abin da ya faru ya zo gidanmu yana kuka kamar yaro, ya ce zai koma ya gyara. Mijina ya ce masa an riga an rufe maganar, kuma abin da Allah ya rubuta ne. Har Alhaji ya rasu bai ƙara iya haɗa ido da ni ba. In na shiga kantinsa sai ya shige ciki ya turo matarsa.

Babu makarantar da za ta ɗauki mutumin da aka ce ya shaƙe ɗalibi. Ya koma tuƙin tasi. Ya daina kallon ƙwallo ko a talabijin, in yara sun kunna sai ya tashi ya ce zai yi alwala. Wani lokaci tsofaffin yaransa su gan shi a titi su rungume shi, ya dawo gida ya kasa cin abinci. Sunan ƙanen nan kuwa bai ƙara fita daga bakinsa ba, da alheri ko da sharri. In na fara, sai ya ɗaga mini hannu.

Sau ɗaya na haɗu da ƙanen nan a kasuwar Deptford, gaban masu kifi. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen titi ya ce, "Yaya, ina wuni." Na bar kifin da na zaɓa na wuce.

A tsakiyar shekarun casa'in zuciyar mijina ta fara ba shi wahala. Aka kwantar da shi a asibiti a Whitechapel, lokacin tsananin sanyi. Ya rame har zoben azurfarsa yana zamewa daga yatsa. Wata rana da hantsi ina ba shi kunu a cokali, sai na hango mutum ta gilashin ƙofa, tsaye a baranda da hula a hannu. Ya yi ƙiba, ya yi furfura a gemu, amma na gane shi, ƙanen nan ne. Ya kai hannu ga ƙofar ya janye, ya sake kaiwa ya janye.

Na ajiye kofin na miƙe. Na je na tsaya a bakin ƙofar na sa bayana na tokare ta. Na ce a raina yau ko ni ko shi. Abin da na haɗiye shekara da shekaru ya taso mini.

Ashe mijina ya gan shi tun kafin ni. Ya motsa yatsunsa yana kirana. Na ƙi zuwa. Ya sake kira, na matsa na sunkuya don muryarsa ta dushe. Washegari bakinsa ya rufe, bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abinsa, don haka wannan ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini a duniya. Ya riƙe bakin mayafina ya ce:

"Hajiya, ki buɗe masa. Ya daɗe a tsaye."